Yadda Aka Rubuta Kundin 1979, Dokar da Har Yau Take Mulkin Nijeriya

Ranar 18 ga Oktoba, 1975, Birgediya Murtala Ramat Muhammed ya tara wasu zaɓaɓɓun mutane a Legas, ya ɗora musu nauyin rubuta wa Nijeriya sabon tsarin mulki. A lokacin ko wata uku bai cika a kan mulki ba. Sunan mutum 50 aka fitar, amma Cif Obafemi Awolowo ya ce ba da shi ba, sai aka tashi da 49, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu. Cif Rotimi Williams, wanda a wancan zamani da wuya a lissafa manyan lauyoyin ƙasar nan ba a fara da shi ba, shi aka ba shugabanci, Alhaji Gidado Idris kuma ya riƙe alƙalamin sakatare. A cikin kwamitin akwai tsofaffin 'yan gwagwarmaya irin su Malam Aminu Kano da Alhaji Ibrahim Imam, da lauyoyi irin su Bola Ige da Richard Akinjide da Ben Nwabueze, da matasan malaman jami'a irin su Dakta Yusufu Bala Usman na Zariya da Dakta Segun Osoba na Ife. Abin da waɗannan mutane suka fara rubutawa, shi ne har gobe yake faɗa mana yadda mutum zai zama shugaban ƙasa, da abin da gwamna yake da iko a kai, da abin da talaka zai iya kai ƙara a kansa da wanda ba zai iya ba.

Ba za a gane abin da suka rubuta ba sai an san abin da suke gudu. Nijeriya ta ga tsare-tsaren mulki da dama kafin wannan. Turawa sun kawo na Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, da na Lyttleton a 1954, wanda ya tabbatar da mulkin tarayya. Sai na 'yancin kai a 1960 da na jamhuriya a 1963, duka a kan salon Ingila: firayim minista yana fitowa daga majalisa da iko a hannunsa, shugaban ƙasa kuma yana zaune don girmamawa. Jihohi uku ne, daga baya suka zama huɗu, Jihar Arewa ita kaɗai tana da fiye da rabin kujerun majalisar wakilai. Kowace babbar jam'iyya da gidanta: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Wanda ya ci ya kwashe duka, wanda ya faɗi ya koma gida da ƙabilarsa gaba ɗaya ana kiransu 'yan hamayya.

Sau biyu wannan tsari ya nuna inda yake da rauni. A 1962 gwamnan Jihar Yamma, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Akintola bisa takardar da 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Aka ba hammata iska a majalisar, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, shari'ar ta kai har Landan. Sannan bayan zaɓen Disamba 1964, wanda wani ɓangare ya ƙaurace wa, Shugaba Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, ƙasa ta wayi gari da shugabanni biyu, ana tambayar wane ne a cikinsu soja za su yi wa biyayya. Bayan shekara guda aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshi. Sai ramuwar watan Yuli, sai kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sai yaƙin basasa na wata talatin. Mutanen da suka zauna a kwamitin Williams shekara biyar kacal ke tsakaninsu da ƙarshen wannan yaƙi. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma kusan kowane sashe na kundin 1979 yana ɗauke da tabon wannan sara.

Murtala bai ba su farar takarda ba. A jawabinsa na buɗe taro ya faɗa musu abin da Majalisar Ƙoli ta Soja ta riga ta amince da shi: ƙasa za ta ci gaba da zama tarayya, za a samu shugaba guda mai cikakken iko wanda jama'a za su zaɓa kai tsaye, jam'iyyu su zama na ƙasa baki ɗaya, a kawar da siyasar a-mutu-ko-a-yi-rai, a yi naɗe-naɗen gwamnati ta yadda kowane ɓangare zai ga fuskarsa a ciki, alƙalai su samu 'yanci, a kafa hukumomin da za su bi diddigin masu riƙe da amana. Har ya ce idan sun gano hanyar kafa gwamnati ba tare da jam'iyyu ba, to su kawo shawara. Daga wannan jawabi ne maganar raba daidai ta shigo siyasar Nijeriya ta zauna. Saboda haka babbar shawara, wato barin salon Ingila a ɗauki na Amurka, soja ne suka yanke ta tun kafin lauyoyi su buɗe jakunkunansu. Kwamitin ya tattauna ta, ya kawo hujjojinsa, amma bai kauce mata ba.

Murtala bai rayu ya ga ƙarshen aikin ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja. Bayan kwana goma, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, mutanen Laftanar Kanar Dimka suka harbe shi a cikin motarsa kan hanyar zuwa ofis. Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zama na biyu, kuma sun cancanci a yaba musu a kan abu guda: alƙawarin da Murtala ya yi na miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979, ba su ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da Janar Gowon ya tsaya ranar 1 ga Oktoba, 1974, ya ce wa'adin 1976 da ya ɗauka ba zai yiwu ba.

Ranar 14 ga Satumba, 1976, kwamitin ya miƙa rahotonsa. A cikin daftarin akwai abin da babu irinsa a duk tsare-tsaren baya, wato babi na biyu, inda aka zayyana manufofin da aka kafa gwamnati dominsu. An ɗauko salon ne daga kundin Indiya. Babin ya tabbatar da cewa mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun iko. Cewa tsaron mutane da jin daɗinsu shi ne aikin gwamnati na farko. Cewa ba za a bari dukiyar ƙasa ta taru a hannun 'yan tsiraru ba. Cewa gwamnati za ta yi ƙoƙarin samar da abinci da matsuguni da albashin da zai riƙe mutum da kula da tsofaffi da marasa lafiya. Cewa za a ba da ilimi kyauta tun daga firamare har jami'a idan hali ya samu. Duk wanda ya karanta wannan babi zai ji cewa marubutansa sun san ƙasar da suke ciki. Lokaci ne kuwa na kuɗin mai, kuma a wannan wata na Satumba ne aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a faɗin ƙasa, don haka babu wanda zai ce mafarki suke yi.

Sai dai a wani wuri can dabam, a sashen da ya yi bayanin ikon kotuna, an sa 'yan layuka da suka ce babu kotun da take da hurumin sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika abin da ke babi na biyu ko ba ta cika ba. Shi ne sashe na 6(6)(c). Ma'anarsa a aikace ita ce, idan ɗan sanda ya tsare ka ba bisa ƙa'ida ba, kana iya zuwa gaban alƙali, domin wannan yana babi na huɗu. Idan kuwa garinku ya shekara ashirin babu makaranta babu asibiti alhali ana ware kuɗinsu duk shekara, kundin bai ba ka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba. Masu rinjaye a kwamitin suna da hujjarsu. Sun ce alƙali ba zai iya umartar gwamnati ta gina abin da ba ta da kuɗinsa ba, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa kotuna da gwamnati za su yi ta karo. Hukuncin gwamnatin da ta gaza yana hannun masu zaɓe.

Mutum biyu suka ƙi sa hannu. Bala Usman da Segun Osoba suka rubuta nasu rahoton da nasu daftarin, suna cewa kundin masu rinjaye ya kare masu hannu da shuni ya bar talaka da alƙawari, kuma ilimi da lafiya da aikin yi haƙƙoƙi ne da ya kamata ɗan ƙasa ya iya nema da ƙarfin doka. Gwamnati ba ta karɓi rahotonsu ba, ba ta kuma buga shi tare da na sauran don jama'a su auna ba. Sai a 2019 aka fitar da shi a matsayin littafi, shekara 14 bayan rasuwar Bala Usman. Mutum na iya saɓa musu a kan abubuwa da yawa, amma ni a ganina hana 'yan ƙasa ganin wannan rahoto a lokacin da ake cewa kowa ya tofa albarkacin bakinsa, zalunci ne ga muhawarar kanta. An yi shekara guda ana tattauna daftarin a jaridu da rediyo da jami'o'i, alhali amsar da ta fi kowace ƙarfi a kansa tana kulle a aljihun tebur.

Mataki na gaba shi ne majalisar da za ta duba daftarin. Gwamnati ba ta yarda a yi zaɓen kai tsaye ba, tunda an haramta jam'iyyu. A 1976 an yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka rushe tsarin En'e wanda sarakuna suke riƙe da linzaminsa, aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya, kuma a zaɓensu ne matan Arewa suka fara samun damar jefa ƙuri'a. Kansilolin waɗannan ƙananan hukumomi su ne suka zauna ranar 31 ga Agusta, 1977, suka zaɓi wakilai 203. Soja suka naɗa 20, aka ƙara da shugabanni daga kwamitin Williams, jimla 230. A cikin zaɓaɓɓun mace ɗaya ce tak, Janet Akinrinade daga Oyo. Mai shari'a Udo Udoma ne shugaba, Mai shari'a Buba Arɗo mataimakinsa. Aka buɗe zama ranar 6 ga Oktoba, 1977. A zauren akwai Alhaji Shehu Shagari, akwai Solomon Lar, akwai Abubakar Rimi, akwai Moshood Abiola, da wasu da dama waɗanda bayan shekara biyu za a ga hotunansu manne a bango ana neman ƙuri'a.

Maganar shugaba mai cikakken iko ta wuce ba tare da wata babbar turjiya ba. Inda majalisar ta kusa tarwatsewa shi ne kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Yana da kyau a faɗi ainihin abin da ake nema, domin an daɗe ana ba da labarin a karkace ta ɓangarori biyu. Tun 1960 Jihar Arewa tana da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a guda ɗaya a Kaduna, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962. Huruminta bai wuce zamantakewar Musulmi ba: aure, saki, riƙon 'ya'ya, gado, wasiyya, waƙafi. Da aka yanka Arewa jihohi, sai ya zama kowace jiha da tata kotun, babu wata a sama da za ta daidaita hukunci idan alƙalan Sakkwato da na Barno suka saɓa a kan mas'ala ɗaya. Kwamitin Williams, wanda Kirista suke da yawa a cikinsa, ya ga wannan giɓi ya sa kotun tarayya a daftarinsa. Ba maganar haddi ake yi ba, ba kuma maganar wanda ba Musulmi ba.

Waɗanda suka ƙi kuma ba a banza suka ƙi ba. Mafi zafinsu wakilai ne daga Filato da Binuwai da kudancin Kaduna da Gongola, mutanen da iyayensu suka rayu ƙarƙashin hakimi da alƙali da ɗan doka na En'e ba da son ransu ba, kuma suna kallon kotun a matsayin dawowar wancan iko ta bayan gida, wannan karon da hatimin tarayya. Wasu daga Kudu suka ce ƙasa ɗaya ba za ta yi manyan kotuna iri biyu ba. Musulmi suka amsa cewa dokar da ake kira ta kowa da kowa ai gadon Ingila ce, kuma ba adalci ba ne a ce matar da take neman gadon mijinta ta ɗaukaka ƙara zuwa gaban alƙalin da bai san rabon tumunin takaba ba. A kan wannan batu Malam Aminu Kano da Shehu Shagari, waɗanda suka shafe rayuwarsu a jam'iyyu masu gaba da juna, suka tsaya a sahu ɗaya.

A watan Afrilu 1978 abin ya kai maƙura. Wani ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Cif Simeon Adebo ya kawo sulhu: a bar maganar kotu ta daban, amma a tabbatar akwai masana shari'ar Musulunci a cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, su riƙa sauraron irin waɗannan ƙararraki. Majalisa ta amince, sai wakilai fiye da 80 suka tashi suka fice daga zauren. Kujerunsu suka yi kusan mako biyu babu kowa, sauran suka ci gaba da zartar da sassan daftarin. Sai da Obasanjo da kansa ya ja kunnen majalisar, ya tuna musu abin da ƙasa ta fito daga ciki, kafin waɗanda suka fice su dawo. Abin da aka tashi da shi shi ne: duk jihar da take so tana iya kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ba za ta kasa alƙalai uku masana shari'ar Musulunci da uku masana dokokin gargajiya ba, sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Babu ɓangaren da ya tafi gida da gamsuwa. Rigimar ta dawo a majalisar 1988, ta kuma dawo da ƙarfi bayan 1999. Ƙawancen da aka ƙulla a zauren lokacin wannan rikici kuwa, shi ne ya zama harsashin wasu daga jam'iyyun jamhuriya ta biyu.

Majalisar ta miƙa aikinta a watan Agusta 1978, sai soja suka sake sa alƙalaminsu. Majalisar Ƙoli ta yi gyare-gyare 17 ba tare da ta koma wurin kowa ba. Ta cusa dokokinta huɗu a cikin kundin ta yadda ba za a iya taɓa su ba sai ta doguwar hanyar gyaran tsarin mulki: dokar bautar ƙasa ta 1973, dokar hukumar sauraron koke-koken jama'a ta 1975, dokar hukumar tsaro ta farin kaya ta 1976, da dokar amfani da ƙasa ta 1978. Wannan ta ƙarshe ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma duk manomin da aka taɓa karɓe wa gona aka biya shi diyyar shuka kawai ya san nauyinta. Soja kuma suka tabbatar da cewa ana iya gudanar da aikin majalisar ƙasa da Hausa da Ibo da Yarabanci bayan Turanci, idan an yi tanadin hakan. Ranar 21 ga Satumba, 1978, aka zartar da kundin da dokar soja, aka ɗage haramcin siyasa. Gabatarwarsa ta ce mutanen Nijeriya ne suka ba kansu wannan tsari, amma ba a taɓa kai shi gaban mutanen Nijeriya su ce sun yarda ko ba su yarda ba.

Duk da haka, dabarar da aka yi don hana ƙasa sake rabewa dabara ce ta masu hankali. Jam'iyya ba za ta yi rajista ba sai ƙofarta a buɗe take ga kowa, sunanta da tutarta ba su jingina da ƙabila ko addini ba, shugabanninta sun fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Kowace jiha tana da sanata biyar komai ƙanƙantarta, kuma dole a ba ta minista. Wanda zai zama shugaban ƙasa, bayan ya fi kowa ƙuri'a, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Manufar ita ce kada wani ya sake hawa mulki da ƙuri'ar mutanen gidansu kaɗai. Daga gomman ƙungiyoyin da suka ɓullo, hukumar zaɓe ta FEDECO ƙarƙashin Michael Ani ta yi wa biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP.

Tun a gwajin farko wannan sharaɗi ya kusa kayar da ginin, domin babu wanda ya zauna ya rubuta a fili nawa ne kashi biyu cikin uku na 19. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Shagari ya samu ƙuri'a 5,688,857, Awolowo ya samu 4,916,651. Shagari ya cika sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12. Ta 13 ita ce Kano, gidan Malam Aminu, inda ya samu 243,423 daga cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Kowa ya ɗauka jihohi 13 ake nufi, kuma in haka ne sai an tafi zagaye na biyu. Sai Richard Akinjide, lauyan NPN jam'iyyar Shagari, wanda yana cikin mutum 49 da suka rubuta daftarin, ya kawo lissafinsa: kashi biyu cikin uku na 19 ai 12 ne da biyu bisa uku. Don haka a jiha ta 13 abin da za a duba shi ne kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, wato 813,842, kwatansu kuwa bai wuce 203,461 ba, kuma Shagari ya haye wannan. FEDECO ta karɓi lissafin ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci. Awolowo ya kai ƙara. Ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar a miƙa mulki, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatayi-Williams ta kori ƙarar, alƙalai shida suka goyi baya, Mai shari'a Kayode Eso ya saɓa. Babu shakka Shagari ne ya fi kowa karɓuwa a faɗin ƙasa, domin Awolowo bai kusanci jihohi 12 ba. Amma jamhuriyar ta fara tafiya ne rabin 'yan siyasarta suna ganin an yi musu wayo, kuma naɗa Akinjide ministan shari'a bai rage wannan zargi ba.

Shekaru huɗun da kundin ya yi yana aiki sun nuna ƙarfinsa da rauninsa, kuma biyu daga manyan misalan a Arewa suka faru. A watan Janairu 1980 jami'an tarayya suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Barno kuma ɗan GNPP, suka kai shi bakin iyaka suka tura shi Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Lauyoyinsa suka shigar da ƙara a babbar kotun Maiduguri bisa haƙƙoƙin babi na huɗu. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa, ta soke korar, ta sa a biya shi diyya. A nan kundin ya yi abin da aka rubuta shi dominsa: mutum ɗaya ya tsaya gaban gwamnatin tarayya ya yi nasara. A Kaduna kuwa, jama'a sun zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, suka cika majalisa da 'yan NPN. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa sau bayan sau, ya yi mulki babu su, ranar 23 ga Yuni, 1981, ta tsige shi. Da aka je kotu, sai aka tarar kundin ya hana kotu shiga maganar tsigewa. Salon Amurka da aka ɗauko ya dogara ne da haƙuri da sassauci tsakanin majalisa da zartarwa, abin da babu dokar da take iya dasa shi a zukatan mutane.

Sashe na farko na kundin ya haramta wa kowa karɓar mulki ta hanyar da ba ita ya tanada ba. Ranar 31 ga Disamba, 1983, bayan zaɓen da aka cika da maguɗi da tattalin arzikin da ya durƙushe, soja suka dawo, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba, dokar soja ta farko ta dakatar da muhimman sassan kundin. Mutane ba su fito kare shi ba. A ganina dalilin a bayyane yake: ɓangaren da ya shafi rabon kujeru tsakanin manya an ɗaure shi tamau da doka, ɓangaren da ya shafi abinci da makaranta da magani an bar shi ga ganin damar masu mulki, don haka mai tura baro a kasuwa bai ga abin da ya rasa ba ranar da aka jingine shi.

Kundin bai mutu ba. Babangida ya sa an rubuta wani a 1989, Abacha ya sa an rubuta wani a 1995, babu wanda ya yi aiki sosai. A ƙarshen 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai shari'a Niki Tobi, wanda ya dawo da rahoton cewa yawancin waɗanda aka ji ta bakinsu na 1979 suke so da 'yan gyare-gyare. Shi aka kakkaɓe aka zartar da dokar soja a watan Mayu 1999. Sharaɗin kwata a kashi biyu cikin uku na jihohi yana nan, har an sake kai ruwa rana a kansa a 2023 game da matsayin Abuja. Raba daidai yana nan, har da hukumarsa. Dokar amfani da ƙasa tana nan. Babi na biyu yana nan da duk alƙawuransa, sashe na 6(6)(c) ma yana nan yadda aka rubuta shi, duk da gyare-gyaren da aka yi wa kundin tun daga 2010.

Kusan kowace majalisar ƙasa takan kafa kwamitin gyaran tsarin mulki, ta zagaya shiyyoyi tana sauraron jama'a, mu kuma mu je da buƙatar sabuwar jiha ko sabuwar ƙaramar hukuma. Idan suka sake zuwa, mai karatu, ka nemi babi na biyu ka karanta kafin ranar, sannan ka tambayi ɗan majalisarku a gaban jama'a ko zai goyi bayan a buɗe wa talaka ƙofar kotu a kan ilimin 'ya'yansa da lafiyar iyalinsa.